Giwa Ta Huta Da Wasa a Ƙasashen Waje, Saura Kurar Gardi

A cikin shekaru 30 da suka wuce, ƙasashe da dama na duniya sun kafa dokoki waɗanda suka hana a riƙa yawo da giwaye gari-gari ana sa su wasa a gaban jama'a don a tara kuɗi. Abin ya faro ne daga hukumomin waɗansu birane, sa'an nan ya kai ga majalisun dokoki na jihohi da na ƙasashe, har ya zamana kamfanin da ya fi kowane suna a wannan sana'a a Amurka ya sallami giwayensa cikin shekarar 2016, bayan ya yi fiye da shekara 100 yana cin abinci da su.

Mai karatu yana iya tambaya, shin ina ruwan mutumin Bagadaza a cikin garin Gombe da wannan al'amari, tun da yake ba a taɓa ɗaure masa giwa a bakin kasuwa tana rawa ba? To, yana da ruwa, har ma da tsaki. Na farko, ɗaya daga cikin garkunan giwaye mafi girma da suka rage a Nijeriya yana maƙwabtaka da shi, watau a gandun dajin Yankari. Na biyu kuma, ƙasar Hausa tana da nata masu wasa da namun daji tun kaka da kakanni, su ne gardawa, masu yawo da kura da biri da maciji. Tambayar da ta sa aka hana wasa da giwa a can, ita ce ke tunkarar kurar gardi a nan, kuma gara a dube ta tun da sauran lokaci.

Yadda giwa ta shiga wasa

Turawa suna da wani irin wasa na kamfanoni masu yawo daga gari zuwa gari, su kafa babbar rumfa, a biya kuɗi a shiga, a kalli masu tsalle-tsalle da masu tafiya kan igiya da kuma dabbobin da aka horar. Tun cikin ƙarni na 19 giwa ta zama ita ce uwar wasan, don kamfanin da ba shi da giwa ba a ɗauke shi a bakin kome ba.

Giwar da ta fi kowace suna a tarihin wannan sana'a daga Afirka aka ɗauke ta. Wani toro ne mai suna Jumbo, wanda aka kama yana ƙarami a yankin Sudan wajen 1860, bayan maharba sun kashe uwarsa. An kai shi Faris, daga nan aka mai da shi gidan ajiye namun daji na London cikin 1865. A shekarar 1882 aka sayar da shi fam 2,000 ga wani Ba'amurke mai suna P. T. Barnum, aka sa shi a jirgin ruwa zuwa Amurka, inda dubban mutane suka riƙa tururuwa don su gan shi. Bai yi shekara huɗu a can ba, jirgin ƙasa ya buge shi ya mutu a wani gari na Kanada cikin watan Satumba na 1885, a lokacin da ake kora shi zuwa taragonsa bayan an tashi daga wasa.

Labarin Jumbo ya nuna tushen matsalar tun daga farko. Ba a kama babbar giwa a horar da ita cikin sauƙi, sai dai a kama ɗanta, shi kuwa ɗan giwa ba ya samuwa sai an raba shi da uwarsa da garkensu. A gandun dajin Kruger na Afirka ta Kudu, inda hukuma ta riƙa rage yawan giwaye da bindiga daga 1967 zuwa 1994, an kashe fiye da 14,000, kuma akan bar waɗansu 'ya'yan da rai a sayar da su. Cikin 1998 ma an kwashe 'ya'yan giwa 30 daga yankin Tuli na Botswana aka kai su Afirka ta Kudu don a horar da su, sai hotunan irin dukan da ake yi musu suka fita, magana ta kai har gaban kotu.

Shi horon kansa da sanda mai ƙugiyar ƙarfe ake yin sa, wadda ake soka wa giwa a wuraren da fatarta ke da taushi, kamar bayan kunne da ƙarƙashin haɓa, har ta gane cewa ƙin bin umurni yana jawo zafi. In ba a wasa kuma, tana ɗaure da sarƙa a ƙafa, ko kuma tana tsaye cikin tarago ana tafiya da ita. Alhali kuwa giwa a daji dabba ce mai doguwar tafiya, wadda takan ci abin da ya kai kilo 150 na ganye da ciyawa a rana, ta sha ruwa fiye da lita 100, ta kuma zauna cikin danginta ƙarƙashin jagorancin tsohuwar uwa. Likitocin dabbobi sun daɗe da lura cewa ciwon ƙafa da na gaɓoɓi suna daga cikin manyan abubuwan da ke kashe giwayen da aka tsare, saboda yawan tsayuwa a kan daɓe.

Ranar da Tyke ta ɓalle

Abin da ya girgiza mutanen Amurka ƙwarai ya auku ne ran 20 ga watan Agusta, 1994, a birnin Honolulu na jihar Hawai. Wata giwar Afirka mai suna Tyke ta fusata ana tsakiyar wasa, ta tattake mai horar da ita har lahira, ta ji wa mai kula da ita mummunan rauni, sa'an nan ta ɓalle ta shiga titunan gari. 'Yan sanda suka bi ta suna harbi, sai da suka zuba mata harsashi fiye da 80 kafin ta faɗi. An ɗauki hoton abin duka an nuna a talabijin, kuma tun daga ranar masu neman a hana wasan suka sami hujja biyu a hannu, watau azabar da dabbar ke sha, da kuma hatsarin da 'yan kallo ke ciki.

Daga nan dokoki suka riƙa biyo juna. Ostiriya ta hana wasa da namun daji a irin waɗannan kamfanoni tun 2005. Bolibiya ta yi gaba da kowa cikin 2009, ta hana amfani da kowace irin dabba, ta gida ko ta daji. Dokar Meziko ta fara aiki cikin 2015, ta Sikotilan cikin 2018, ta Ingila kuwa a watan Janairu na 2020. Faransa ta kafa tata cikin 2021, ta ba masu sana'ar wa'adi zuwa 2028 don su shirya.

A Amurka kuwa jihohi ne suka ɗauki nauyin abin, kowace da irin dabararta. Waɗansu, kamar Kalifoniya, sun fara ne da haramta sandar nan mai ƙugiya cikin 2016, don sun san in babu ita babu mai iya sa giwa wasa. Jihar Ilinoi ce ta fara hana yawo da giwa ƙarara cikin 2017, jihar New York ta bi sawunta a wannan shekara, sai New Jersey da Hawai suka faɗaɗa hanin ya haɗa da sauran namun daji cikin 2018. Kamfanin Ringling, wanda ya gaji sunan Barnum, ya biya gwamnatin Amurka dala 270,000 cikin 2011 don a kashe maganar zargin keta dokar kula da dabbobi. Ya daina wasa da giwa a watan Mayu na 2016, ya rufe baki ɗaya a watan Mayu na 2017 saboda 'yan kallo sun ragu, sa'an nan ya sake buɗewa cikin 2023 ba tare da dabba ko ɗaya ba.

Giwayen da ke maƙwabtaka da Gombe

Duk wanda ya tashi daga Gombe ya nufi Bauchi, in ya wuce Alkaleri ya isa Dindima zai ga mararrabar da ta yi kudu zuwa Yankari. An keɓe wannan daji ne cikin 1956, aka buɗe shi ga masu yawon buɗe ido a watan Disamba na 1962. Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi cikin 1991, ta mayar wa Jihar Bauchi cikin 2006. Girmansa ya kai murabba'in kilomita 2,244, kogin Gaji ya ratsa tsakiyarsa, kuma a nan ne maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki take. Kafin ran 1 ga watan Oktoba, 1996, sa'ad da aka ƙirƙiro Jihar Gombe daga cikin ta Bauchi, mutumin Bagadaza da giwar Yankari 'yan jiha ɗaya ne.

Ƙiyasin da masana suka yi a shekarun baya-bayan nan ya nuna giwayen Yankari suna tsakanin 100 da 150, na Nijeriya duka kuwa 'yan ɗaruruwa ne kawai. Abin da ya cinye su shi ne farauta don haure, da kuma cin daji da gonaki da kiwo ke yi. Giwa kuma ba ta saurin yaɗuwa, gama tana ɗaukar ciki wata 22, ta haifi ɗa ɗaya, ta yi shekaru kafin ta sake haihuwa. Don haka kowace giwa da aka rasa, giɓi ne wanda zai daɗe bai cike ba.

Tun 2014 Gwamnatin Jihar Bauchi ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar kare namun daji ta WCS mai hedkwata a New York don a ƙarfafa sintirin masu gadin dajin, aka kuma ɗaura wa waɗansu giwaye na'ura a wuya wadda ke nuna inda garke yake ta hanyar tauraron ɗan Adam. Wannan ya taimaka wajen gargaɗin manoma, domin kuwa giwa ba ta san iyakar gandu ba, kuma garke ɗaya yana iya share gonar dawa a dare guda. Manomin da ya kwana da irin wannan hasara ba ya ganin giwa da idon da baƙo mai ɗaukar hoto ke ganinta, kuma duk dokar da ba ta lura da shi ba, a takarda za ta tsaya.

Ta fuskar duniya kuwa, yarjejeniyar CITES, wadda aka sa wa hannu a Washington cikin 1973 don tsara cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, ta hana cinikin haure cikin 1989. A taronta na Janiba cikin 2019 aka ƙuntata fitar da giwaye masu rai da aka kamo daga dajin Zimbabuwe da Botswana zuwa ƙasashen da ba mazaunin giwa ba. Nijeriya tana cikin ƙasashen farko da suka shiga wannan yarjejeniya, kuma a watan Janairu na 2024 ta niƙe haure kimanin tan biyu da rabi a Abuja, wanda aka ƙwace daga hannun 'yan fasa-ƙwauri.

Gardi da kurarsa

Bahaushe bai taɓa mai da giwa abin wasa ba. A wurinsa giwa alamar girma ce, shi ya sa ake yi wa sarakuna kirari da toron giwa. Dabbobin da suka shiga wasa a ƙasar Hausa su ne kura da biri da maciji, kuma duk wanda ya girma a unguwa irin Bagadaza, ko a kowane gari na Arewa, ya san yadda abin yake. Za a ji kiɗa daga nesa, yara su ɗunguma. Sai ga gardawa sanye da warki, sun sha layu da guraye, akayau na ƙara a ƙafa, ɗaya riƙe da sarƙar kura da kulki, kurar kuwa an sa mata takunkumi. Wani yana jan gwaggon biri da aka sa wa riga, wani ya rataya mesa a wuya. Biri ya yi gaisuwa ya karɓi kuɗi, kura ta yi kukan kura kan mutane a ja ta baya, jama'a su watse su sake taruwa.

Wasan dai hanyar tara mutane ne. In taro ya cika sai a baje kolin magani, na maciji da na kunama, na shawara da na basir, da layun tsari. Sana'a ce ta gado, yawanci a cikin dangi ɗaya, kuma masu yin ta sun yi imani cewa akwai asirin da suke sha tun suna yara wanda ke kare su daga cizo. Sukan yi yawo kasuwa-kasuwa, musamman da rani da lokacin bukukuwan Salla, har su dangana da Abuja da Ikko da sauran garuruwan Kudu.

Duniya ta san da su ne ta hannun wani mai ɗaukar hoto ɗan Afirka ta Kudu, Pieter Hugo, wanda ya biyo wani ayarinsu cikin 2005 da 2007, ya kuma buga littafin hotunansu cikin 2007. Kafin nan an yi ta baza jita-jita a ƙasashen waje cewa wai 'yan fashi ne ko masu karɓar bashi da ƙarfin tsiya, sai binciken ya nuna masu wasa ne da sayar da magani. Amma hotunan sun jawo wata maganar, gama ƙungiyoyin kare dabbobi sun ga sarƙa da takunkumi da kulki, suka ce ai wannan da sandar giwa duk kanwar ja ce.

Hausawa ma ba su jira Turawa sun faɗa musu ba. Su ne suka ce kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Wanda ya fara wannan karin magana ya tsaya a bakin fage ya ga wanda ke wahala da wanda ke samu.

Abin da dokar Nijeriya ta ce

Dokar kare namun daji ta daɗe a ƙasar nan. Turawan mulki sun kafa ta farko cikin 1916. Bayan samun mulkin kai, Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa Dokar Namun Daji ta 1963, wadda ta kasa dabbobi kashi-kashi, waɗansu an hana taɓa su sam, waɗansu kuma ba a farautarsu ko kama su sai da lasin. Jihohin da aka yanka daga Arewa sun gaji wannan doka, kowace ta yi mata gyaran da ta ga dama. Sai kuma Dokar Soja mai lamba 11 ta 1985, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa don cika alkawarin CITES. Tarar da ta yanka wa mai laifin farko a kan dabbar da aka haramta ita ce Naira 1,000, kuɗin da ya zama abin dariya da tafiya ta yi nisa, har sai da aka yi wa dokar gyara cikin 2016 aka ninka tarar sau da yawa. Hukumar NESREA, wadda aka kafa cikin 2007, tana daga cikin masu tabbatar da bin ta. Cikin 2025 kuma Majalisar Wakilai da ta Dattawa suka amince da wani sabon shirin doka mai hukunci mafi tsanani a kan fataucin namun daji.

Ban da waɗannan, dokar Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki cikin 1960, ta tanadi hukunci a sashe na 207 ga wanda ya doki dabba da mugunta ko ya azabtar da ita, kuma ba dabbar gida kaɗai take nufi ba, har da ta daji wadda aka kama aka tsare. Tsarin Mulki na 1999 ya ba ƙananan hukumomi ikon tsara kasuwanni da tashoshin mota da kuma yadda ake ajiye dabbobin sha'awa da yawo da su. Shi kuwa maganin da gardi ke sayarwa, yana ƙarƙashin hukumar NAFDAC ne, wadda aka kafa cikin 1993.

In an duba da kyau za a ga dokokin nan sun fi mai da hankali kan farauta da fatauci da fitarwa ƙasashen waje. Irin dokar da Ingila ko Bolibiya suka kafa, wadda ta ɗauki shi kansa wasan ta ce an hana ko an halatta bisa sharaɗi kaza, ita ce ba a yi wa gardi ba. Saboda haka yana zaune ne a tsakanin hukumomi da yawa, malamin daji yana da ta cewa, ɗan sanda yana da ta cewa, ƙaramar hukuma da likitan dabbobi su ma haka, amma babu wanda aka ɗora wa nauyin ya duba lafiyar kurar, ko ƙarfin sarƙar, ko tazarar da ke tsakaninta da yara.

Hujjar kowane ɓangare

Masu goyon bayan gardawa suna da abin faɗi. Sun ce sana'a ce da aka gada, tana ciyar da iyali a lokacin da aiki ya yi wuya, kuma tana cikin al'adun da suka bambanta ƙasar Hausa da sauran ƙasashe. Sun ce gardi ba zai bar kurarsa da yunwa ba, tun da ita ce jarinsa, kuma adadin dabbobin da gardawa ke riƙe da su bai taka kara ya karya ba in an gwada da abin da 'yan fasa-ƙwauri ke fitarwa ta tashar jiragen ruwa ta Ikko. Bugu da ƙari, gardawa ne ake kira a garuruwa da yawa in maciji ya shiga gida.

Masu suka kuwa sun ce ciyar da dabba daban, tsare mata haƙƙi daban. Kura dabba ce mai zama cikin dangi, mai yawon dare mai nisa, ɗanta yakan sha nono fiye da shekara guda. Wadda ake jan ta a kan kwalta da tsakar rana, baki a ɗaure, ta rabu da duk wannan. Kowace kura ko biri da aka gani a fage daga daji aka ɗauko, a lokacin da namun dajin Arewa ke ƙarewa. Akwai kuma maganar lafiyar jama'a. Muƙamuƙin kura yana fasa ƙashin sa, babbar kura tana iya kai kilo 60 ko fiye, kuma ita da biri suna iya ɗaukar ciwon haukan kare, wanda in alamunsa suka bayyana a jikin mutum ba a cika tashi ba. Ko a gidajen ajiye namun daji na hukuma, inda akwai keji na ƙarfe, an ga yadda zaki ya kuɓuce a Jos cikin Disamba na 2015, wani kuma a Kano cikin Oktoba na 2019, balle sarƙa a hannun mutum ɗaya a tsakiyar kasuwa.

Addinin Musulunci ma bai bar wannan fage ba. Ya zo a hadisi ingantacce cewa wata mace ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. An kuma ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a yi wa dabba lalas a fuska ko a doke ta a fuska, ya kuma umurci a mayar wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta da aka ɗauke. Saboda haka wanda ya ce tausayin dabba baƙon abu ne da aka shigo da shi daga Turai, bai yi wa addininsa adalci ba.

Darasi daga Meziko da Indiya

Kafa doka abu ne mai sauƙi, abin da zai biyo baya shi ne aiki. Da dokar Meziko ta fara aiki cikin 2015, masu kamfanoni da yawa sun rasa inda za su kai dabbobinsu, su ba su iya ciyar da su ba tare da wasa ba, gidajen ajiye namun daji kuwa ba su da wurin da zai ɗauke su duka. Dokar da aka yi don a ceci dabbobi sai ta bar waɗansunsu cikin halin da ya fi na da muni.

Indiya ta bi wata hanya dabam, kuma halinta ya fi kama da na ƙasar Hausa. A can akwai wata al'umma ta Musulmi matalauta da ake kira Kalandar, waɗanda suka yi ɗaruruwan shekaru suna yawo da wata dabba mai yawan gashi da ake kira beyar, a huda mata hanci a zura igiya, a sa ta rawa a bakin hanya. Dokar 1972 ta haramta wannan, wata sanarwa ta 1998 kuma ta ƙara hana wasa da ita da biri da zaki da damisa, amma sana'ar ba ta mutu ba, domin masu yin ta ba su da wata. Sai da wata ƙungiya mai suna Wildlife SOS ta buɗe wurin ajiye dabbobin kusa da Agra cikin 2002, ta riƙa ba duk wanda ya miƙa tasa jarin fara wata sana'a, ta sa 'ya'yansu makaranta, ta kuma ɗauki waɗansunsu aikin kula da dabbobin, sa'an nan abin ya yiwu. Zuwa watan Disamba na 2009 an karɓi fiye da 600, aka ba da sanarwar cewa an rufe wannan babi.

A birnin Harar na Habasha kuwa, wanda tsohon birnin Musulunci ne, akwai masu wasa da kura waɗanda ba su san sarƙa ba. Da dare sukan zauna a bayan ganuwa su kira kuraye daga daji, su miƙa musu nama da ɗan tsinke, wani lokaci ma da baki, baƙi su biya kuɗi su kalla. In kura ta ƙoshi sai ta koma inda ta fito. Mai wasa ya sami abin sawa a bakin salati, kura kuma ba ta sha bugu ba.

Abin da ya rage ga hukuma

Jihohi ne ke da iko a kan namun dajin da ba na gandun Tarayya ba, saboda haka Majalisar Dokokin Jihar Gombe da takwarorinta na Arewa ba sa bukatar jiran Abuja. Matakin farko shi ne a san yawan masu sana'ar da dabbobin da ke hannunsu, ta hanyar masu unguwanni da sarakunan baka, waɗanda suka fi kowa sanin su. Daga nan a yi wa kowace dabba rajista, likitan dabbobi ya riƙa duba ta, a kuma hana kamo sababbi daga daji, yadda in waɗanda ke hannu suka ƙare, wasan ya ƙare da kansa ba tare da an jefa kowa cikin yunwa ba. Kafin lokacin ya kamata a hana ɗora yara a bayan kura, a kuma ƙayyade wuraren da za a riƙa yin wasan.

Su kuma gardawa, ilmin da suke da shi na halin namun daji da kama maciji dukiya ce da ƙasa ke bukata. Asibitin Kaltungo da ke cikin Jihar Gombe ya yi suna a duk faɗin ƙasar nan wajen jinyar saran maciji, kuma da dafin maciji ake haɗa maganin. Gandun daji irin Yankari yana bukatar masu gadi da masu bin sawu. Wanda ya iya riƙe kura da hannu ɗaya ba zai kasa irin wannan aiki ba in an koya masa an kuma biya shi.

In hukuma ta yi shiru har sai ranar da sarƙa ta tsinke a tsakiyar yara, to, dokar da za a kafa a wannan rana ta fushi ce, kuma gardi da kurarsa duka za su sha wuyarta. Mutanen Honolulu sai da suka ga jini a titi, suka kuma yi shekara 24 suna gardama, kafin jiharsu ta yanke hukunci. Majalisun Arewa suna da damar su zauna da gardawa da malamai da likitocin dabbobi tun yanzu, su tsara abin cikin natsuwa. Allah ya sa a gyara tun ba a yi da-na-sani ba, amin.